Wufar da maƙwabci ya fi mai ita ji

A cikin kayan sautin da ke shiga falon gidajenmu, babu wanda ake ɗoki kamar baƙin akwatin nan mai nauyi da ake ajiyewa a ƙasa, wanda masu shago ke kira wufa, kuma babu wanda ake haɗawa da ganganci kamarsa. Mutum zai shafe mako yana kwatanta wannan talabijin da wancan, yana tambayar faɗin allo da kyan hoto, amma ranar da wufa ta iso gida minti biyar sun ishe shi: a soka waya, a tura akwatin lungu, a murɗe duk maɓallin da ke bayansa har ƙarshe. Da gilashin taga ya fara karkarwa sai a yi murmushi, a ce kuɗi sun yi rana. Ni kuwa ina ganin karkarwar tagar nan alama ce ta aikin da ba a kammala ba. Wufar da aka haɗa yadda ya kamata, idan mai sauraro ya rufe ido ba zai iya nuna inda take ba. Abin da zai ji shi ne ƙananan lasifikokinsa sun yi nauyi sun cika, kamar an musanya masa su da manya cikin dare.

Kafin a zo ga waya, ya kamata a san aikin da aka ɗora wa akwatin. Sauti kaɗawar iska ne, kuma ana auna shi da yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana kama daga wajen 20 zuwa 20,000. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, maɓallin ƙarshe na fiyano sau 27.5, tushen muryar namiji baligi kuwa yana yawo tsakanin 85 da 180. Wahalar ita ce fitar da sauti mai kauri yana bukatar tura iska mai yawa: duk lokacin da aka sauko da rabi, a ce daga 80 zuwa 40, sai faifan lasifika ya tura iska ninki huɗu kafin ƙarfin ya tsaya inda yake. Lasifika mai faɗin tafin hannu ba za ta iya wannan ba, kamar yadda ba a tsammanin kalangu ya yi amon tambari komai gwanintar makaɗi. Shi ya sa aka ware aikin, aka ba shi akwati nasa mai faifai na inci 8, 10 ko 12.

Gidajen silima na Amurka ne suka fara koya wa jama'a son wannan girgiza. A 1974 kamfanin Universal ya fito da fim ɗin Earthquake da wani tsari mai suna Sensurround, inda aka girka manyan akwatunan Cerwin-Vega don 'yan kallo su ji girgizar ƙasa a ƙirjinsu, har aka shimfiɗa raga a ƙarƙashin silin wani babban gidan silima na Hollywood saboda ɓarɓashin da ke zubowa. A 1992 Dolby Digital ya shigo tare da fim ɗin Batman Returns, kuma da shi ne lambar nan 5.1 ta zama sananniya. Biyar ɗin lasifikoki ne na hagu, dama, tsakiya da biyu na kewaye. Ɗigo ɗayan kuwa hanya ce ta musamman da ake kira LFE, wadda ba ta ɗaukar abin da ya haura 120 Hz, ana kuma kunna ta da ƙarin desibel 10 a kan sauran. An yi ta ne don tsawa da fashewar bam da rushewar gini. A riƙe wannan, domin waƙar da ke cikin wayarka ba ta da wannan hanya ko kaɗan, kuma daga nan rabin rikicin ke tasowa.

Sai an yi hattara da kalmar risiba. A bakinmu ta fi tafiya ga akwatin tauraron ɗan'adam, amma wadda nake nufi ita ce babbar na'urar nan irin ta Yamaha, Denon, Onkyo, Pioneer ko Marantz, wadda duk wayoyi ke taruwa a bayanta, ta karɓi sauti ta ƙara masa ƙarfi ta rarraba wa lasifikoki. Tambayar farko kafin a kusanto ta da wufa ita ce: shin wufar tana da wayar wuta tata da ake sokawa a bango? Idan tana da ita, akwai amfilifaya a cikinta, kuma irinta aka yi wa kafar da aka rubuta wa Sub Out ko Subwoofer Pre Out a bayan risiba. Idan ba ta da ita, akwati ne kawai da faifai, irin wanda ke zuwa cikin kwali ɗaya da na'urar DVD da ƙananan lasifikoki biyar. Kafar Sub Out saƙo take fitarwa marar ƙarfi, wanda ba zai iya motsa faifai ba, don haka wannan wufa ta biyu shiru za ta yi. Abin da ke biyo baya sananne ne: mai gyara ya ɗaure ta a kan sukurorin lasifikar gaba tare da lasifikar da ke wurin. Lasifika mai om 8 da wufa mai om 4 idan suka haɗu haka, risiba tana ganin om 2.7, alhali yawancinsu an ƙera su ne don 6 zuwa 8. Za ta yi zafi, ta riƙa kashe kanta, wata rana kuma ta mutu ba tashi. Wufa marar wuta tana bukatar amfilifaya tata daban a tsakani, kuma sau da yawa kuɗin wannan ya kusa na sayen wadda ke da tata a ciki.

Wayar kanta ita ce mafi sauƙin lamarin. A kashe komai, a ɗauki waya ɗaya mai kan RCA, irin kan nan mai tsinke a tsakiya da muka saba gani ja da fari, daga Sub Out zuwa kafar da aka rubuta wa LFE a bayan wufa. Idan babu LFE sai L da R, a duba wadda aka yi wa alamar Mono, in babu alama a soka a ta hagu. Wasu na sayen waya mai reshe biyu don su cika kafofin duka. Ba laifi ba ne, tana ɗan ƙara ƙarfin saƙon, tana kuma taimaka wa wufar da ke jinkirin farkawa da kanta, amma ba dole ba ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wayar da ake sayarwa da tsadar lasifika wai don bes ya fi zurfi. Muddin waya tana da rufin kariya mai kyau kuma kanta yana kama kafa gam, ta gama aikinta. Kuɗin da za a ƙara a kai gara a sayi mai tsawo, saboda dalilin da zai zo nan gaba.

Mai tsohuwar amfilifaya ta lasifika biyu, wadda ba ta da Sub Out, shi ma yana da hanya idan bayan wufarsa akwai sukurori huɗu masu rubutun High Level ko Speaker In. Ana jawo wayar lasifika daga hagu da dama na amfilifaya zuwa wurin, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Wufar ba ta shan ƙarfin amfilifayar, leƙen saƙon kawai take yi ta ƙara masa ƙarfi da nata. Sai dai a duba littafin na'ura tukuna, domin akwai amfilifayoyin zamani da baƙaƙen sukurorinsu biyu ba sa jure a gama su wuri ɗaya.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke ɓata, kuma babu waya a cikinsa, saiti ne a cikin risiba. Za ta tambaye ka ko lasifikokinka Large ne ko Small. Mutumin da ya kashe kuɗi ya sayi dogayen lasifikoki masu kai ƙugu ba zai so ya kira su ƙanana ba, sai ya zaɓi Large. Tambayar kuwa ba ta girman akwati ba ce. Ma'anarta: in aika wa wannan lasifika duk sautin har da mafi kauri, ko in yanke mai kaurin in ba wufa? Idan ka ce Large, risiba za ta bar wa wufa hanyar LFE kaɗai. Fim ɗin Amurka mai 5.1 zai sa ta yi ruri, amma da ka kunna waƙa daga waya, ko labarai, ko fim ɗin Hausa a YouTube, waɗanda kusan dukkansu hagu da dama ne kawai, sai wufa ta yi tsit. Daga nan ake cewa an sayar wa mutum da jabu, ko a koma bayanta a murɗe maɓallin ƙarfi har ƙarshe, ranar da aka sa fim mai fashe-fashe kuma gida ya ɗauka. Wasu risibobin sun tanadi mafita da suke kira LFE+Main ko Double Bass, wato a aika kaurin ga lasifikoki da wufa gaba ɗaya. Ina ba da shawarar a guje ta, domin sauti ɗaya daga wurare uku yakan taru ya yi yawa a wani mataki, ya kashe juna a wani.

Zaɓin da ya dace kusan kullum shi ne Small, har ga dogayen lasifikoki. Ribar biyu ce. Wufa tana samun aiki a kan duk abin da aka kunna, sannan lasifikokin gaba da amfilifayar risiba suna hutawa daga kaya mafi nauyi, sai muryoyi su fito tas ko da an ƙara ƙarfi. Da ka zaɓi Small za a tambaye ka inda za a raba hanya, abin da aka rubuta Crossover, ni kuwa zan kira shi mararraba. Lambar da aka fi farawa da ita 80 Hz ce, wadda THX, tsarin da Tomlinson Holman ya jagoranta a kamfanin Lucasfilm tun 1983, ya mayar ƙa'ida. Ba da ka aka zaɓe ta ba. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka tsawon kaɗawa ɗaya a 80 Hz ya haura mita 4, a 40 Hz ya haura mita 8. Tazarar kunnuwanmu biyu ba ta kai taƙi guda da rabi ba, kuma da bambancin abin da ke isa kunnen hagu da na dama ne ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. A ƙasa da 80 bambancin ya yi ƙanƙanta, wufa sai ta ɓace wa kunne. Idan aka ɗaga mararraba zuwa 150 ko 200, an shiga yankin muryar namiji, sai ka ga mai karanta labarai a allo amma rabin muryarsa na fitowa daga ƙarƙashin tebur. Masu 'yan mitsi-mitsin lasifikoki ba su da zaɓi sai su hau 100 ko 120, kuma su ya fi kamata su ajiye wufa a gaba, kusa da talabijin.

Akwai ƙaramin tarko a nan. Bayan wufar ma akwai maɓallin mararraba nata. Idan risiba ta riga ta yanke a 80, wufa ta sake yankewa a 80, an tace abu sau biyu, sai a sami rami a daidai inda ya kamata su miƙa wa juna hannu. Kafar LFE tana tsallake wannan maɓalli a yawancin wufofi. Inda babu ita, a murɗa shi zuwa lamba mafi girma a bar wa risiba hukunci. Wannan ne kaɗai maɓallin da ya halatta a kai ƙarshe. Mai amfani da sukurorin High Level kuwa, shi da wannan maɓalli zai yi aiki, ya sa shi daidai inda lasifikokinsa suka fara gazawa.

Duk wannan rabin aiki ne, domin abin da kunne ke ji a ƙasa da 100 Hz ɗaki ne ke yanke hukuncinsa fiye da na'ura. Sauti mai tsawon mita 8 a cikin falo mai mita 5 ba shi da wurin miƙewa. Yana dukan bango ya dawo ya haɗu da mai zuwa. A wasu matakai sukan ƙarfafa juna, kuma lissafin ba wuya: a raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Falo mai mita 5 da mita 4 zai riƙa kumbura sauti a wajen 34 Hz da 43 Hz, da ninkinsu 69 da 86. A waɗannan matakai ƙarfin yana taruwa a jikin bango, ya yi rauni ƙwarai a wasu wurare na tsakiya. Yanzu a tuna yadda muke jera falo: kujeru a manne da bango ta kowane gefe, tsakiya a buɗe. Baƙon da ke kan doguwar kujera ta jikin bango yana shan dundu a ƙirji, wanda ya tsaya a tsakiya da rimot a hannu yana jin kamar babu komai, sai ya ƙara. Ginin namu ma yana da hannu. Yawancin bayanan da ake karantawa a intanet an rubuta su ne don gidajen Amurka masu bangon katako da allon jifsam, wanda ke ɗan lanƙwasawa ya sha wani kaso na kaurin sauti. Bulo da filasta da tayil ba sa shan komai, mayarwa suke yi. Labule da kafet suna taimaka wa siririn sauti, amma kaɗawa mai tsawon mita 8 ba ta san da zamansu ba.

Saboda haka matsar da wufa taku biyu yakan yi abin da sabuwar wufa mai ninkin kuɗi ba za ta yi ba. Lungu yana ƙara ƙarfi, gaskiya ne, domin bango biyu da daɓe suna tura sautin gaba ɗaya, amma yana tayar da duk kumburin ɗakin a lokaci guda. Ga ƙaramar wufa a babban falo wannan na iya zama alheri, ga babba a ƙaramin ɗaki kuwa masifa ce. Hanyar gano wurin da ya dace tsohuwa ce, ba ta cin ko kwabo, sai dai tana ɗan taɓa girma. A ɗora wufar a kan kujerar da aka fi zama, a kunna waƙar da bes ɗinta ke hawa da sauka, sannan mai gida ya durƙusa ya bi gefen bango da rarrafe, kansa kusa da ƙasa, yana saurare. Inda ya ji kowane mataki na bes ya fito daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya yi tsalle babu wanda ya nutse, nan ne gidan wufa. Wanda ke jin nauyin 'ya'yansa su gan shi a haka sai ya bari su tafi makaranta. Amfanin doguwar wayar da na ambata ke nan. Mai hali kuma ya sani cewa binciken da Todd Welti ya yi a kamfanin Harman a farkon shekarun 2000 ya nuna wufa biyu, a tsakiyar bango biyu masu fuskantar juna, sun fi ɗaya daidaita sauti a kujeru da yawa. Matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya amfani a falon da ake tara baƙi.

Maɓallin Phase mai 0 da 180 ba ya bukatar dogon bayani: a zauna a kujera, wani ya riƙa juya shi, a bar shi inda sautin ya fi cika. Risibobi da yawa suna zuwa da ƙaramin makirfo da tsarin auna ɗaki, Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, kuma abin takaici ne yadda makirfon ke ƙarewa a cikin kwali ba a taɓa warware wayarsa ba. A yi awon lokacin da akwai wutar NEPA, janareto a kashe, fanka da na'urar sanyaya ɗaki a kashe, domin ƙuginsu yana cikin yankin da ake aunawa. A sa maɓallin ƙarfin wufa a tsakiya ko ƙasa da haka kafin a fara. Bayan an gama, a koma a duba, domin tsarin yakan mayar da lasifikoki Large da kansa. Idan kuma ya rubuta cewa wufa ta fi nisan da take da shi a zahiri, a ƙyale shi, jinkirin da ke cikin na'urarta ya lissafa.

Na san abin da za a ce: kunne nawa ne, kuɗi nawa, kuma ina son in ji bes a jikina. Wannan magana tana da tushe. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne yana raina sauti mai kauri idan ƙarfi ya yi ƙasa, don haka mai saurare a hankali yana da hujjar ɗan ƙarawa. Gwaje-gwajen Floyd Toole da Sean Olive ma sun nuna yawancin masu sauraro sun fi son kaurin ya ɗan ɗara sauran a cikin ɗaki. Ban ce kowa ya zauna da sauti marar gishiri ba. A daidaita tukuna, sannan a ƙara desibel 2 ko 3 daga cikin risiba, da sani. Abin da nake suka shi ne dum-dum ɗin nan mai murya ɗaya, inda duk waƙar da aka sa, ta Legas ce ko ta Kano ko ta Bamako, bes ɗinta yake zama abu guda, domin ɗakin ne ke kuka a matakinsa ba makaɗi ba. Gwajin mai sauƙi ne: idan ba za ka iya bin bes ɗin da ƙuginka ba, yana hawa kana hawa, to ba kiɗa kake ji ba. Sannan sauti mai kauri idan ya yi yawa yana danne wanda ke samansa. A fim ɗin da dukkan armashinsa zance ne, wannan na nufin a riƙa ƙara murya don a ji abin da aka faɗa, wufa kuma ta ƙaru tare da ita. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wutar lantarkinmu tana da nata sharuɗɗan. Najeriya da Nijar da Gana duk suna kan wajen bolt 220 zuwa 230 ne, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, alhali kayan da aka yi don kasuwar Amurka na bolt 120 ne. Risiba ko wufa ta gwanjo da aka ɗauko daga Alaba ko Sabon Gari, a karanta rubutun da ke kusa da wayar wutarta kafin a soka. Idan 120V kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba daƙiƙa ɗaya ta isa. A wannan rubutun ne kuma ake kama ƙaryar kwali: akwatin da aka yi wa ado da wat 3,000 PMPO amma yana shan wat 60 daga bango, ba shi da inda zai samo sauran. Sai kuma ƙugin nan marar yankewa da ke fitowa ko ba a kunna komai ba. Sau 50 ɗin nan na wutar gida yana tsakiyar yankin wufa, shi ya sa ita ke fara tona shi. A cire wayar RCA daga bayanta. Idan ƙugin ya ci gaba, matsalar tana cikin wufar ko a wutar da take sha, kuma inbata mai arha da ƙaramin janareto sukan jawo haka. Idan ya tsaya, to na'urorin ne ke da hanyar ƙasa fiye da ɗaya, kuma sau da yawa wayar da ta sauko daga dish ce mai laifi. A cire ta a gani. Maganin shi ne a tara risiba da wufa da talabijin a kan soket ɗaya, in bai isa ba a sa 'yar na'urar raba ƙasa a kan wayar dish. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafa ta uku ta filogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ƙafar nan ce ke hana jikin na'ura riƙe wuta ranar da wani abu ya lalace a ciki, a falon da yara ke rarrafe a kan tayil.

Saura mutumin da ba a shawarta ba lokacin sayen kayan. Bango yana tare sauti gwargwadon nauyinsa da kuma sirantar sautin: duk lokacin da kaɗawa ta ragu da rabi, abin da bango ke tarewa yana raguwa da kusan desibel 6. Daga 2,000 Hz zuwa wajen 60 an sauko sau biyar. Shi ya sa maƙwabci ba ya jin waƙarka, ba ya jin mawaƙi, ba ya jin zancen fim, bugun kawai ke isa gare shi, kuma a jikin bangon ɗakin kwanansa, inda kan gadonsa yake, nan ne bugun ya fi taruwa. Idan kujerarka ta faɗa inda sautin ya yi rauni, yana iya yiwuwa ya fi ka jin wufarka. A gidan haya mai bene abin ya fi muni, domin akwatin yana girgiza daɓe kai tsaye, siminti ya kai saƙon har ƙasa. Hukumar NESREA tana da dokar hayaniya tun 2009, amma kowa ya san ba ita ke sasanta irin wannan ba. Gaba ce ake ƙullawa a hankali tsakanin mutanen da ke gaisawa kowace safiya, kuma mai kunya ba zai ƙwanƙwasa ƙofa ba sai abin ya kai masa wuya. Kunnen masu gidan ma yana da iyaka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin babba a desibel 80 na awa 40 a mako, na yara ƙasa da haka.

Abin da ke rage wannan bai fi ƙarfin kowa ba. A ɗora wufar a kan roba mai kauri ko soso mai tauri don a raba ta da daɓe. A nisanta ta daga bangon da aka haɗa da wani, ko da can ne rarrafe ya nuna, a ɗauki wuri na biyu. A bi abin da ke karkarwa ɗaya bayan ɗaya, tagar alminiyam, silin roba, kwanukan da ke cikin kabad, a ɗaure ko a sa musu tsumma, domin yawancin abin da ake ɗauka ƙarfin wufa ne ƙarar waɗannan ce. Kusan kowace risiba tana da saitin dare da ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa, a kunna shi bayan ƙarfe 9. Sannan wata rana da daddare, a bar fim yana ci a ƙarfin da aka saba, a fita a rufe ƙofa, a je a tsaya minti biyu a ɗakin da ke bayan bangon, ko a ƙasan bene, a dawo a gyara lambar wufa a cikin risiba gwargwadon abin da aka jiyo.